An tare ni da motar majami'a a hanyar ƙauye, matata ta ce in aje tuƙin

Daga admin: Wani ɗan'uwa ne daga Filinge ya turo wannan, ya roƙi a ɓoye sunanshi. A ba shi shawara cikin mutunci, ban da zagi.

Salamu alaikum jama'ar wannan zaure, iyayena da yayyena da ƙannena, ina gaishe ku da kyau. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya ɗau zafi, na kasa zamna wuri guda, abinci ma in na sa a baki ba na jin daɗinshi. Tun farko in gaya muku ni Kirista ne, na san mafi yawanku Musulmi ne, kuma da gangan na kawo maganar gare ku, don mutanen majami'armu kowa ya riga ya kama inda ya kama, ni kuwa ina son in ji bakin wanda ba ruwanshi da mu. Ku yi haƙuri da Hausarmu ta Kurfai, ku yi haƙuri kuma in zancen ya yi tsawo.

Ni haifaffen wani ƙauye ne arewa da Filinge, amma cikin gari nake zamne, malamin lakwal ne ni, wato makarantar boko, kowa Mushe yake ce mini yadda ake kiran malamai a nan. Babana shi ya fara shiga addinin Kirista a danginmu, wajen ci-rani ya samo shi, kuma saboda haka yayanshi, Baba Arzika, wanda ke riƙe da bori da tsafin gidanmu, ya daina magana da shi har Allah ya ɗauki ran babana. Ni ma haka na tashi, in na gaishe shi sai shi amsa shina kallon wani wuri. Kafin in samu koyarwa na yi 'yan shekaru ina tuƙa motar haya tsakanin Filinge da Yamai, can na samu parmi, wato takardar izinin tuƙi. Matata, bari in kira ta Hannatu ko da yake ba sunanta ba ne, 'yar Dogon Dutsi ce, muna da yarinya ƙarama, yanzu kuma tana da tsohon ciki.

Majami'armu ƙarama ce, in ka wuce ta ba za ka san majami'a ce ba. Masu bi kuwa warwatse suke cikin ƙauyuka, gida guda nan, tsohuwa guda can. Da suna zuwa sujadar Lahadi bisa moto, wato babur, sai anka hana hawan moto saboda rashin tsaro, shi ke nan sunka yanke, wasu mun yi watanni ba mu sa su a ido ba. Ana cikin haka wata ikilisiya ta Yamai ta ba mu kyautar tsohuwar mota, irin ƙaramar bas ɗin nan ta haya da ake cewa iyas. Ran da anka kawo ta, Pasto ya tashi ya tambaya wa ke da parmi da zai ba da kanshi shi riƙa zagaya ƙauyuka ran Lahadi shina kwaso mutane, ya ce ba albashi, aikin Ubangiji ne. Anka yi ta kallon juna, ni kaɗai ke da shi. Na ɗaga hannu ban ko juya na dubi Hannatu ba, ita kuma a lokacin ba ta ce komai ba, har ma ta ji daɗi.

Ba zan ɓoye muku ba, aikin nan ya ba ni abin da koyarwa ba ta ba ni ba. Akwai wata tsohuwa, Inna Tabita, ƙawar mahaifiyata ce, ita kaɗai ce Kirista a ƙauyensu tun da mijinta ya rasu, ƙafafunta sun kumbura ba ta iya doguwar tafiya. Ran da na fara tsayawa ƙofar gidanta ta ɗauka motar masu allura ce, da na ce mata Inna sujada na zo ɗaukar ki, sai ta zamna ƙasa ta rufe fuska da zane. Na ɗauke ta kamar jinjiri na sa gidan gaba. Tun daga nan har Filinge waƙa take yi da muryar nan tata da ta tsufa, waƙoƙin da ni kaina na manta. Tun ranar kowace Lahadi kafin in iso ta yi wanka ta ɗaura kallabi tana zamne bakin zana.

To kun san Lahadi ita ce ranar kasuwar Filinge. Ina wucewa sai in ga mata tsaye bakin hanya da kwandunan kuɓewa da kaji, motar haya ba ta shiga waɗanga ƙauyuka yanzu, ni kuma ga kujeru babu kowa. Ban iya wuce su ba. Na fara ɗaukar guda biyu, sai zance ya bazu, kafin ka ce me motar ta koma ta kowa, masu zuwa sujada gefe guda, masu zuwa kasuwa gefe guda, akuya a ƙarƙashin kujera, Inna Tabita na waƙarta, wata Hajiya na jan tasbaha kusa da ita suna raba goro. Ba wanda na taɓa cewa shi biya, ba kuma wanda na taɓa yi wa wa'azi cikin mota, Pasto ma ya ce a bar shi haka. Wata rana da damina mun iske wata yarinya tana naƙuda tun jiya haihuwa ta ƙi, anka shimfiɗa mata tabarma bisa kujerar baya, na tuƙa kamar zan tashi sama, Allah ya sa munka isa likita da sauran lokaci, ta sauka lafiya. Limamin ƙauyen ƙanen mijinta ne. Ran suna sunka aiko mini da cinyar rago, tun daga nan ba mai cewa motar majami'a, motar Mushe suke cewa.

Sai kuma maganar Baba Arzika. Wata Lahadi na hango shi bakin hanya da sandarshi, idonshi ya fara mutuwa, za shi kasuwa neman magani. Na tsaya na ce Baba shigo. Ya daɗe tsaye, sannan ya ce shi ba zai shiga ɗakin addu'armu ba, na ce Baba kasuwa zan sauke ka. Ya shiga bai ce mini uffan ba har munka isa. Lahadi ta gaba ya sake fitowa, ta gaba ma haka. Sannu-sannu ya fara magana, shina nuna mini gonar kakanmu, shina ba ni labarin babana lokacin suna yara, yadda sunka taɓa ɓata cikin daji suna bin zabi. Abin da babana ya mutu shina nema bai samu ba, ni na same shi cikin wagga tsohuwar mota.

Amma jama'a, aikin yana da ciwo, kuma tun kafin abin da zan faɗa ya faru ciwon ya fara. Ba ni da ranar hutu. Litinin zuwa Juma'a ina aji, Asabar ina ƙarƙashin mota ni da makanike don kullum da abin da zai lalace, Lahadi tun sanyin safiya na fita, sai la'asar sakaliya nake shigowa gida jikina duk ƙura da warin gazuwal, man da motar ke sha. Sau da yawa sujadar ma da nake kawo mutane ba na samun ta, suna ciki suna waƙa ni ina waje ina canza taya. Hannatu ke zuwa majami'a ita kaɗai da goyo, ta komo ita kaɗai, ta ce mini ta zama kamar wadda mijinta ya tafi ci-rani alhali shina gari. Ran da yarinyarmu ta yi zazzaɓi har ta suma, maƙwabcinmu ne ya kai su likita bisa amalanken jaki, ni ina can cikin yashi mota ta kafe, ba rezon waya. Wannan abu ya tsaya mata a rai, ni ma ya tsaya mini. A majami'a kuma akwai wani dattijo da ke ta gunaguni wai an ba mu mota don bishara mun mai da ita ta awaki, ana ƙone gazuwal ɗin ikilisiya ba ko mutum guda da ya tuba. Cikin gari kuwa wasu na cewa wayo ne muke yi, muna jan mutane da mota don mu raba su da addininsu. Ka ga ta ko'ina ba ka tsira ba. Direktan lakwal ɗinmu ma ya kira ni gefe ya ce Mushe ka san yadda 'yan bindiga ke neman malaman lakwal a dajin nan, ka rage yawo. Na ce to, ban rage ba.

Abin ya faru makonnin baya kaɗan. Mun taso daga kasuwa bayan azahar, mota cike, Baba Arzika na gaba kusa da ni, Inna Tabita na bayana. Mun bar gudro, wato kwalta, mun shiga hanyar yashi, daidai wani kwari da itatuwa sunka yi duhu, sai ga mutane bisa moto sun fito sun gicciya hanya, fuskokinsu naɗe da rawani, bindigogi a kafaɗa. Na taka birki. Guda ya zo ya leƙa ta taga, ya dubi kowa ɗaya bayan ɗaya, ya tambaya da wata irin Hausa ko akwai soja ko ma'aikacin gwamnati cikin motar. Ba wanda ya yi motsi. Kowa a motar nan ya san ni malamin lakwal ne, kowa ya san ni Kirista ne, kalma guda ta isa. Ya juyo gare ni ya ce, "Kai mene ne aikinka?"

Kafin in amsa sai Baba Arzika ya ɗora hannunshi bisa gwiwata ya ce, "Ɗana ne. Direba ne, daga kasuwa ya ɗauko mu."

Hajiyar nan mai tasbaha ta ce daga baya, "Yaronmu ne, ku dubi Allah, shi ke kai mu likita."

Mutumin ya kalle ni, ya zagaya motar, ya komo ya sunkuyo dab da kunnena ya ce, "Mun san motar ga, mun san ta su wa ce, mun san ka. Tsofaffin nan sun cece ka yau. Kada mu sake ganin ta a hanyar ga." Sunka buɗe hanya. Ban san yadda na sauke mutane ƙauye-ƙauye ba, na dai san da na komo bisa gudro na tsaya gefen hanya na yi amai.

Kafin in isa gida labari ya riga ni, wata mai sayar da ƙuli da na sauke ta samu rezo ta kira 'yar'uwarta cikin gari. Na iske Hannatu tsaye ƙofar gida ba ko takalmi. Ba ta yi faɗa ranar ba, ta riƙe rigata tana kuka kawai. Washegari ne munka yi ta, irin wadda ba mu taɓa yi ba tun aurenmu. Ta ce na ɗaga hannu gaban jama'a ban shawarce ta ba, ta yi shiru, ɗiyarta ta suma ba ni nan ta yi shiru, amma ba za ta yi shiru a kawo mata gawata ba tana da ciki. Ta ce ina son a riƙa cewa motar Mushe, motar Mushe, ya fi mini su. Ni kuma na ce mata abin da bai kamata ba, na ce bangaskiyarta ce ta yi rauni. Ta dube ni ta ce in bangaskiya ce a bar mace da marayu to ita ba ta da ita. Na ba ta haƙuri daga baya, ta karɓa, amma ta ce magana guda ce, ran da na sake tada motar nan zuwa ƙauye, ranar za ta shiga motar Dogon Dutsi ita da yarinya, ta haihu gidan ubanta. Babanta ma ya kira ni, ya yi mini magana da ladabi amma abu guda yake nufi.

Na je wajen Pasto. Mutumin kirki ne, ya ce ba zai tilasta mini ba, ya ce iyalina ma amana ce, in na aje ba wanda zai ga laifina. Amma ina kallon fuskarshi na san shina tunanin mutanen ƙauye, kuma mu duka mun san ba wani mai parmi. Mun kai rahoto wajen jandarma, sunka rubuta, sunka ce shawararsu a bar hanyar, ba su da mutanen da za su raka mu. Dattijon nan mai gunagunin awaki kuwa, shi ne yanzu ke cewa gaban mutane wai masu bi na farko ba su gudu don an tsorata su ba. Na so in ce mishi to ga mota nan shi shiga shi tuƙa, na dai haɗiye.

Tun lokacin motar na aje a farfajiyar majami'a. Na ɗauka zan samu sauƙi, ban samu ba. Lahadi ta farko na zamna kusa da Hannatu cikin sujada, rabon da mu zamna tare har na manta, ta riƙe hannuna, na ji daɗi ƙwarai, amma idona na kan bencin da mutanen ƙauye ke zamna, wayam. Cikin aji ina rubutu a allo sai in tsinci kaina tsaye da alli a hannu, yara na kallona. In na ji ƙarar moto ko daga nesa ne sai in tashi in leƙa waje. Wani lokaci in ce wallahi na gama, ba zan sake ba, kafin in gama shan shayi kuma in ji ina lissafin wace hanya ce ta zagaye da ba ta bi ta kwarin nan. Kuma maganar Hannatu na cina, don akwai gaskiya ciki, ina jin daɗi in na shiga ƙauye yara na gudu bayan mota, ina jin daɗi dattawa na sa mini albarka. Na kasa rabewa, wane ne don Allah, wane ne don kaina. Ga wani abu kuma da ke hana ni sukuni, in na koma ba raina kaɗai na ɗauka ba, in sunka buɗe wuta ba za su tsaya zaɓen direba ba.

Shekaranjiya da azahar na komo daga lakwal sai na iske amalanken jaki ƙofar gidana. Mai garin ƙauyen su Inna Tabita ne, tare da Baba Arzika. Baba bai taɓa taka gidan babana ba, bai taɓa taka nawa ba, sai ranar. Hannatu ta shimfiɗa musu tabarma ta kawo hura, ta durƙusa ta gaishe su, ya sa mata albarka, ya ɗauki yarinyarmu ya ɗora bisa cinya shina shafa kanta don ba ya gani sosai. Mai gari ya ce ba su zo tilasta mini ba, sun zo ne in san halin da ake ciki. Ya ce tun da mota ta daina zuwa wani yaro ya mutu a hanya bisa amalanke kafin a isa likita, ya ce mata sun daina zuwa kasuwa. Ya ce sun yi shawara da limami, in zan koma, dattawan ƙauye za su riƙa shiga motar tun daga fita har komowa, duk wanda ya tare ta shi iske su ciki. Na ce ranka shi daɗe ai rannan ma da dattawa ciki, kuma an ce kada a sake gani. Ya ce haka ne.

Sannan ya ce akwai saƙo daga Inna Tabita. Ta kwanta, kumburin ya hau har ciki, ba ta tashi. Maƙwabtanta Musulmi ke jinyarta, su ke ba ta kunu su ke juya ta. Ta ce a gaya mini ba ta ce in zo in kai ta likita ba, ta san inda ta dosa, abin da take roƙo in kawo mata Pasto sau guda shi ba ta jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da muke karɓa a sujada, kafin ta tafi. Ta ce kuma in na ji tsoro kada in zo, ta yafe mini tun yanzu.

Hannatu na bakin ƙofar ɗaki tana jin komai. Da sunka tashi tafiya na raka su, Baba Arzika ya riƙe hannuna ya ce, "Ni ban san addininku ba, ban kuma ce ka zo ba. Na rasa ƙanena muna gaba, ba na son in rasa ɗanshi." Ya hau amalanke, sai kuma ya juyo ya ce shi dai ran Lahadi da safe zai fito bakin hanya shi zamna, in ya ji ƙarar mota to, in rana ta yi zafi bai ji ba shi koma gida.

Da na komo ciki Hannatu ba ta ce mini kada ka je ba, ba ta ce je ka ba. Kuka ta yi don Inna Tabita, don ita ma tana son ta, Inna ce ta yi mata wankan jego na farko. Amma da yamma na ga ta sauko da jakarta daga bisa kabad ta kakkaɓe ta ta aje bayan ƙofa. Na tambayi Pasto ko za mu tafi bisa amalanke mu bar motar, ya ce shi a shirye yake, sai dai tafiyar yini ce cikin dajin nan guda, kuma fuskata sun riga sun gan ta, in anka tare mu bisa jaki ko gudu babu.

To jama'a ga inda nake. In tafi sau guda kawai, in kai Pasto in komo in aje har abada? In na yi haka Hannatu za ta yarda sau guda ne, ni kaina na yarda? Ko in bar tsohuwar nan ta mutu tana sauraren hanya, in riƙe matata da abin da ke cikinta? Mata da ke cikin zauren nan, in ku ne Hannatu me za ku so mijinku shi yi, ku gaya mini gaskiya ko da za ta yi mini zafi. Malamai, ko na wane addini ne, in mutum ya yi alkawarin aikin Allah sannan aikin ya zo shina neman ranshi, wa ya fi haƙƙi a kanshi, iyalinshi ko mutanen da sunka rufa mishi asiri gaban bindiga? Waɗanda sunka san hanyoyinmu kuma, in akwai wata dabara da ban gani ba ku taimake ni da ita.

Yau Juma'a, jibi Lahadi. Don Allah kada ku ce mini in yi addu'a kawai, ina yi, gwiwoyina sun shaida. Ku gaya mini in ku ne, jibi da safe ina za ku nufa.